Awon ciyawar Dakoro da Bermo: tauraron ɗan'adam, na'ura ko sikeli?

Laouali: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman shawarar masana. Ana so a kafa tsarin bin diddigin ciyawa a filayen kiwo da ke tsakanin Dakoro da Bermo, har gefen Gadabeji, a jihar Maradi ta Nijar, don a sani tun ƙarshen damina ko abin da ya tsira zai kai bisashe bazara. Kuɗin ba su da yawa, kuma baki ya rabu biyu. Wasu na cewa a sayi na'urorin awon ruwan sama da danshin ƙasa kamar ashirin a warwatsa cikin daji, wasu na cewa hoton tauraron ɗan'adam kyauta ne, shi kaɗai ya isa. Da wanne za a fara?

Malam Issoufou: Wa alaikumus salam. Ba ko ɗaya ba, Laouali. Fara da lauje, da sikelin rataye, da buhunan takarda, da ƙarfe mai kusurwa huɗu mita 1 kan mita 1. Tauraro ba ya auna kilo. Kore yake gani, kai za ka gaya mishi kilo nawa ne wannan koren.

Ga yadda ma'aikatan kiwo ke yi don lissafin ciyawa na shekara. Ana zaɓen wurare na dindindin, a ɗauki lambar GPS ɗinsu, kowace shekara nan za a koma. Ana shiga lokacin da ciyawa ta gama girma amma ba ta bushe ba, wato daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, gwargwadon yadda damina ta ɗauke. A ja layi na kilomita 1, mutum ya bi shi yana rubuta kowane taki: nan fili ne tsirara, nan ciyawa kaɗan, nan matsakaiciya, nan mai yawa. Sannan a aza ƙarfen a cikin kowane rukuni sau da dama, a yanke duk abin da ke ciki daf da ƙasa, a auna shi ɗanye nan take. Daga kowane rukuni a ɗebi samfuri a busar. In akwai tanda, digiri 60 zuwa 65 har kwana biyu ko uku. In babu, a shanya a inuwa mai iska ana aunawa har nauyin ya daina raguwa.

Misali da lissafi: ƙarfe ɗaya ya ba ka giram 320 ɗanye. Ka ɗebi giram 200 ka busar, ya koma 70, kashi 35 cikin ɗari ke nan. To busasshen nauyin ƙarfen giram 112 ne. Ka ninka da 10, ka sami kilo 1,120 a hekta. Amma ba duka ne bisa za ta ci ba: gara na ci, iska na kwashewa, kofato na tattakewa, kuma dole a bar wa ƙasa sutura. Kusan kashi ɗaya cikin uku ake lissafawa, wato kilo 370 da ɗoriya. Dabbar awo da ake kira UBT mai nauyin kilo 250 ce, tana cin kilo 6.25 a yini. Rani kwana 270 ne, kusan tan 1.7 ke nan. Raba ka gani: irin wanga fili, sai hekta huɗu da rabi kafin ya riƙe UBT guda har ruwa ya sauka.

Injiniya Rabi: Baba Issoufou ya faɗi tushen. Bari in ɗora hoton a kai. Wanda ya dace da ku Sentinel-2 ne, na shirin Copernicus na Turai. Na farko an harba shi a 2015, na biyu a 2017, na uku a 2024. Yana komawa kan wuri duk kwana 5, wajen goma da rabi na safe, kuma kowane ɗigon hoto mita 10 ne a ƙasa. Ganye mai rai yana shanye jan haske, yana maido hasken infraruj na kusa, wanda ido ba ya gani. NDVI lissafin wannan bambancin ne kawai: B8, wato shafin infraruj na kusa a hoton, a cire B4, shafin jan haske, a raba da jimillarsu. Rairayi tsirara yakan tsaya wajen 0.1 ko sama kaɗan, ciyawa mai kauri takan wuce 0.4.

Aikin shi ne a haɗa lambar NDVI ta kowane wurin da aka yanka ciyawa da kilon da sikeli ya bayar, a fitar da dangantakar da ke tsakaninsu, sannan a shimfiɗa ta kan duk yankin. Wurare talatin ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da su, kuma a ware biyar ko shida kada a sa su cikin lissafin, a ajiye su don gwada taswirar daga baya. In taswira ta ce kilo 900 a inda sikeli ya ce 400, kun san akwai gyara.

Inda ake yawan faɗawa rami: kwanan hoto da kwanan yanka. A yanka ciyawa ran 25 ga Satumba, a ɗauko hoton 12 ga Oktoba don shi ne mai tsabta, alhali cikin waɗannan makonni ciyawar jigawa ta riga ta yi ruwan ƙasa. NDVI ya faɗi, kilo na nan, lissafi ya karkace. Gara a yi amfani da lambar ƙololuwa ta damina, ko a tara NDVI na duk damina daga tsirowa zuwa bushewa. Na biyu, GPS na waya yana kuskuren mita 3 zuwa 5, don haka kada a dogara da ɗigo ɗaya. A ɗauki matsakaicin duk ɗigogin da layin ya ratsa. Na uku, a sauko da hoton mataki na 2A wanda aka riga aka yi wa gyaran iska, a yi amfani da shafin SCL da ke cikinsa, wanda ke nuna ko ɗigo girgije ne, inuwa, ruwa ko tsiro, a cire girgije da inuwarsa. Inuwar girgije ta fi girgijen kansa yaudara, don shi fari ne kowa na ganinsa, ita kuwa sai ta yi kama da fadama.

Laouali: Na gode Injiniya. Amma da irin rezo ɗinmu, saukar da waɗannan hotunan fa? Na ji ana cewa guda ɗaya ya kusa jiga.

Injiniya Rabi: Haka ne, faifai ɗaya yana rufe kilomita 100 kan 100 da ƴan kai, kuma nauyinsa kan kusanci jiga guda. Kada ka sauke shi. Yi lissafin can kan intanet a dandalin Google Earth Engine ko Copernicus Browser, ka sauko da sakamakon yankinka kawai, ƴan mega ne, ka buɗe a manhajar taswira ta QGIS. In tarihi kake so, ka ga ko bana ta fi matsakaicin shekaru ashirin, ɗauki hoton tauraro na MODIS mai ɗigon mita 250 da ke fitowa duk kwana 16 tun shekarar 2000. Bai da kaifin ido amma yana da tsawon tunani. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ma tana fitar da bayanan damina na yankin Sahel gaba ɗaya, ka riƙa kwatanta naka da nasu.

Abu guda kada ka manta: cire gonaki kafin komai. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma kowa ya san gona ta daɗe da shiga kwarin Tarka ta haura. Gero a watan Agusta kore ne shar, in ba ka zana gonaki ka fitar da su ba, za ka lissafa hatsin mutane a matsayin ciyawa. Kara da harawa lissafinsu daban ne. Sai itatuwa: aduwa, kandili da anza suna ƙara kore a ɗigon da ƙasansa babu ko tsinke. Gawo shi kuma juyi gare shi, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Dubi hoton watan Mayu, kafin ruwa, duk koren da ka gani a nan na itace ne, sai ka san abin da za ka rage.

Sanoussi: Da izinin Baba Issoufou, ni ban yarda a ajiye na'urorin ƙasa gefe ba. Sikeli gaskiya yake faɗi, amma sai Oktoba yake buɗe baki. Mai neman ya sayi dusa da ƙwayar auduga kafin su yi tsada, ko ya rage garke tun dabba na da nama, a Agusta yake buƙatar labari. Kuma Yuli da Agusta su ne watannin da girgije ke rufe wa tauraro ido, kana iya yin mako biyu ko uku babu hoto mai amfani. Abin da ke kashe ciyawar arewa sau da yawa ba ƙarancin jimillar ruwa ba ne, tsayawar ruwa ne bayan tsiro: iri ya fito da ruwan farko, a yi kwana goma sha biyar ko ashirin babu ɗigo, tsiron ya ƙone, kuma irin da ke cikin ƙasa ya riga ya ragu. Wannan ma'aunin ruwa da na danshi ne ke nuna shi da wuri.

Ma'aunin ruwa mai sarrafa kansa yana da ɗan cokali mai baki biyu a ƙarƙashin mazurari, in gefe ya cika sai ya kife, kowace kifewa milimita 0.2. A kafa shi daidai da ma'aunin magina mai ruwa a ciki, don in ya karkata ko kaɗan gefe ɗaya zai riƙa kifewa kafin ya cika. A nisanta shi da itace ko ɗaki aƙalla ninki biyu na tsawonsu, ninki huɗu ya fi. Gwajinsa mai sauƙi ne: in bakin mazurarin santimita murabba'i 200 ne, kowace kifewa mililita 4 ce. Zuba mililita 400 a hankali, ta roba mai ƙaramin huji, ya ɗauki kamar minti ashirin ko fiye. Ya kamata ka ƙirga kifewa 100. In ka sami 90, juya ƴan kusoshin da ke ƙarƙashin cokalin. Ka sani kuma a ruwa mai ƙarfi irin na hadarin gabas yakan ƙirga ƙasa da gaskiya, don ruwa na zuba a lokacin da cokalin ke tsakiyar juyawa.

Masu ɓata shi ba ɓarayi ba ne tukuna: ƙurar bazara ce ke toshe maƙogwaron mazurari, zanzaro ya gina ɗaki a kan cokali, tsuntsu ya yi kashi a ciki. Na'urar da aka bari tun Nuwamba ba a buɗe ba, ruwan farko na Yuni ba za ta gan shi ba, kuma shi ne ruwan da aka fi buƙatar sani.

Malam Issoufou: Sanoussi, maganar tsayawar ruwa na karɓa, gaskiya ce. Inda muka rabu shi ne ashirin. Ruwan ƙasarmu na yanki-yanki ne, a jiƙa wannan rijiya a bar waccan da ke kilomita biyar. Na'ura ashirin cikin faɗin Dakoro da Bermo kamar gishiri ne a tabki. Da kuɗin na'ura guda za ka sayi ma'aunin roba na hannu masu yawa, ka ba malamin lakkwal, ko mai rijiya, ko wakilin hakimi, ya karanta kowace safiya ya aiko da saƙo. Na roba ba ya neman batir. Ka sa masu sarrafa kansu uku ko huɗu a inda ake yankan ciyawa, sauran na hannu. Tsakaninsu kuma a cike da ƙiyasin ruwa na tauraro irin CHIRPS, mai ɗigon kusan kilomita 5, amma a riƙa duba shi da na ƙasa.

Sanoussi: Uku ko huɗu na yarda, in dai za a yi su da kyau. To ga abin da kyau ke nufi. Na'urar danshi a sa ta zurfi uku: santimita 10, 30 da 60. A haƙa rami, a soke ta a kwance cikin bangon ramin da ba a taɓa ba, sannan a maida ƙasa bi da bi yadda aka fito da ita, ana dannawa. In an bar iska tsakanin na'ura da rairayi, za ta riƙa cewa ƙasa ta bushe ko da an yi ruwa jiya. Kuma kada a amince da lambar masana'anta. Jigawa ko ta ƙoshi da ruwa ba ta riƙe abin da ya wuce kashi goma cikin ɗari sosai, don haka kuskuren kashi 3 babba ne a nan. A ɗebi ƙasa kusa da na'urar da gwangwanin da aka san girmansa, a auna, a busar a digiri 105 na awa 24, a sake aunawa. A yi haka a bushe, a yi bayan ruwa, a gyara lambar.

Ƴan allunan awon danshin nan masu arha da ake sayarwa don tukunyar fure, gefensu ba a rufe yake ba, damina ɗaya danshi ke shiga ya cinye su. In su za a saya, a shafe gefen da kan da ruwan gam mai tauri. Waya a zura ta cikin bututun roba saboda ɓera da gara.

Wuta: fano na wat 10 ya isa in na'urar tana barci, ta farka duk minti 15 ko 30 ta rubuta, ta aika sau biyu a yini. A karkata fanon kudu kamar digiri 15, a riƙa share ƙura. Batirin lityum na yau da kullum ba a son a yi mishi caji sama da digiri 45, akwatin ƙarfe kuwa a rana ta Afrilu ya wuce haka nesa. Akwati ya zama fari, a inuwar fanon, da hujin iska mai raga. Ƙaramin modem na 2G yana fizgar wuta har amfiya 2 lokacin aikawa, in batir ya yi rauni sai na'ura ta mutu ta tashi ba ta aika komai ba. Shi ya sa katin ajiya dole ne, ko babu rezo bayanai na nan. Agogo kuma a tsaida shi kan lokaci ɗaya a rubuta a jikin akwatin, don hoton tauraro da agogon duniya na UTC yake zuwa, mu muna gaba da awa ɗaya.

Ardo Bello: Salamu alaikum malamai. Ina karatu tun ɗazu, ilimi ya yi. Tambayata ga Injiniya: injin naku ya san garmani? Don burtali da hurumin kudu, wajen Mayahi, Agye da Gidan Runji, in ka hango su a Agusta sai ka ce aljanna, kore har gwiwa, amma saniya ta ratsa ta fita da yunwa. Tafasa ma haka. Mu ba kore muke tambaya ba, wace ciyawa ce? Gadagi da komayya da karangiya ba ɗaya suke da garmani ba. Ko cikin masu kyau akwai bambanci: wata tana tsaye har Mayu, wata ganyenta na kakkaɓewa tun Nuwamba iska ta tafi da shi. Kilo dubu na Oktoba ba shi ne kilo dubu na Maris ba.

Sannan ruwa. Ciyawar da ke nesa da rijiya fiye da abin da shanu ke iya zuwa su dawo, ta zama ta kallo da ta wuta. In taswira ba ta nuna tabki da ranar da ya ƙafe, da rijiyar da ke aiki ba, rabin magana ta faɗi.

Na ƙarshe shi ya fi damuna. Ranar da kuka watsa a rediyo ko WhatsApp cewa wuri kaza ciyawa ta yi, ba makiyayi kaɗai ke saurare ba. Masu amalanke da manyan motoci na kwasar ciyawa su kai kasuwa suna ji. Garken wasu jihohi na ji. Cikin wata guda wurin ya zama fili. Dokar kiwo ta 2010 ta yi magana kan kwasar ciyawa, kwamitocin filaye na COFO suna nan, to a zauna da su da shugabannin makiyaya a san wa za a ba labari, da wane lokaci. Maganar rataya wa shanu GPS kuma, in ta taso, a yi hattara: inda garke ke kwana ba abin da ake bazawa ba ne a wannan zamani.

Injiniya Rabi: Ranka ya daɗe Ardo, amsa a taƙaice: bai san garmani ba. A idonsa garmani ma ya fi gadagi kyau, don ya fi kauri ya fi daɗewa kore. Maganin a ƙasa yake. Duk ƙarfen da aka yanka, a ware abin da dabba ke ci da wanda ba ta ci, a auna kowanne daban, a rubuta manyan iri uku na wurin da sunan da makiyaya ke kiran su. Wuraren da garmani ya mamaye a zagaye su da GPS a fitar da su kamar yadda aka fitar da gonaki. Wannan ba aikin da za a yi ba tare da makiyayi a cikin tawaga ba.

Maganar Maris kuma, NDVI ya gama aikinsa da zarar ciyawa ta bushe, don busasshiyar ciyawa da rairayi kusan launi ɗaya ne gare shi. Da rani sai a koma B11 da B12, wasu shafukan infraruj na Sentinel-2, masu ɗigon mita 20. Busasshen tsiro yana shanye hasken B12 fiye da ƙasa, don haka B11 a raba da B12 yana ba da alamar yawan abin da ya rage. Amma alamar ba ta da ƙarfi, hazon hunturu na dagula ta, kuma tana buƙatar nata yankan: a koma wuraren nan a Janairu da Afrilu da sikeli. A kafa kuma kejin waya mita 2 kan 2 a wasu wuraren, a kwatanta ciki da waje, shi ke raba abin da dabba ta ci da abin da gara da iska suka ɗauka. Tabki kuwa da sauƙi, ruwa baƙi ne a infraruj, ana iya bin faɗinsa duk kwana biyar har ya ƙafe.

Wutar daji: tsarin FIRMS na NASA yana nuna wuta mai ci da ɗigon mita 375, amma tauraron wucewa yake yi da rana tsaka da tsakar dare, wutar ciyawa kuwa tana iya tashi ta cinye ta mutu a tsakani. Don sanin abin da ya ƙone, a kwatanta hoton Sentinel-2 na kafin wuta da na bayanta da B8 da B12, da wuri, kafin iska ta share tokar. Amfanin taswirar Oktoba mafi saurin gani ma shi ne nan: ta nuna inda ciyawa ta yi kauri a jere, a san inda za a fara share hanyoyin tare wuta.

Dakta Moutari: Tun da wasu a zauren nan suna aiki har Agadas, in ƙara gargaɗi: duk abin da aka faɗa na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Kada a ɗauki lissafin Dakoro a aza wa duwatsun Azbin. Bagzan ya haura mita 2,000, kuma ciyawar can ba shimfiɗe take ba, tana bin ƙoramu da gindin duwatsu, siririya, wani wuri faɗinta bai kai mita talatin ba. Ɗigon MODIS na mita 250 dutse zai gani. Ko Sentinel-2 sai an yi hankali, don baƙin dutse da farin rairayi ba lamba ɗaya suke bayarwa ba ko da babu tsiro a kansu duka. A irin wannan wuri SAVI, wanda ke rage tasirin ƙasa, ya fi NDVI, kuma a raba lissafi gida-gida: na ƙorama daban, na gangare daban, na saman dutse daban.

Sai inuwa. Tauraron da safe yake wucewa, da sanyin hunturu rana na kudu maso gabas, don haka gangaren da ke kallon arewa maso yamma duhu yake fitowa, ciyawa iri ɗaya ta ba da lamba biyu. Ana gyarawa da taswirar tsawon ƙasa mai ɗigon mita 30, ta SRTM ko ta Copernicus, a lissafa kusurwar da rana ke bugun kowane ɗigo. Amma inda inuwa ta rufe gaba ɗaya gyara ba ya maido abin da ba a gani ba, ƙara ɓatawa yake yi. A cire wurin kawai. Wani abin da ake mantawa: taswira daga sama take auna fili. Gangare mai digiri 30, ainihin faɗinsa ya fi na taswira da kusan kashi 15 cikin ɗari. Kuma ciyawar da akuya ke hawa ta ci, saniya ba ta kai gare ta, to a sa iyakar gangare gwargwadon irin dabba.

Tsaunin Mambila a jihar Taraba ta Najeriya, wajen Gembu, matsalarsa akasin wannan ce. Tsawonsa kusan mita 1,600, ruwa mai yawa, ciyawa mai kauri, girgije kuma ya zauna wata da watanni. Can NDVI ƙoshi yake yi: ciyawa na ƙaruwa, lamba ta tsaya. Sai a koma shafukan B5, B6 da B7 na bakin ja, wato tsakanin ja da infraruj. Girgije kuma radar na Sentinel-1 ke ratsa shi, sai dai radar daga gefe yake kallo, gangaren da ke fuskantarsa ya matse ya yi haske, na bayansa ya yi duhu. Kada a gauraya hoton da aka ɗauka tauraro na hawa da wanda aka ɗauka yana sauka. A riƙe hanya ɗaya, a kwatanta wuri da kansa daga wata zuwa wata. Zafi ma yana raguwa kamar digiri 0.6 a duk mita 100 na hawa, don haka na'ura ɗaya a gindin dutse ba ta wakiltar samansa. A jera su hawa-hawa, a kuma sa a fuskokin dutse biyu.

Sanoussi: Dakta, a nan ne kyamarar dindindin ke biyan kuɗinta, a dutse ko a jigawa. A ɗaure ta a sanda mita 3 zuwa 4, tana kallon arewa, ta ɗan sunkuya, ta ɗauki hoto kowace rana da tsakar rana. Ana lissafa kason kore cikin ja da kore da shuɗi, ya ba ka ranar tsiro da ranar bushewa ko girgije ya rufe sama. Sharaɗi ɗaya: a kashe gyaran launi na kai-tsaye, in ba haka ba kyamara za ta riƙa sauya launi da kanta, ka ɗauka ciyawa ce ta sauya. Inda babu rezo, rediyon LoRa na kai saƙo kilomita goma ko fiye in eriya na ganin eriya. A dutse a aza mai karɓa a kan tsauni, da sandar tsawa da aka binne da kyau. Shinge kuma ya zama ƙarami, na kare sanda kawai. In ka kewaye fili babba, ciyawar da kyamara ke kallo ta daina zama irin wadda dabba ke kiwo.

Laouali: Allah ya saka da alheri, malamai. Abin da zan kai gaba: wurare talatin da biyar na yanka, tasha uku masu sarrafa kansu, sauran ma'aunin hannu, kuma zama da su Ardo kafin a fitar da kowace taswira. Fom ɗin rubuta bayanai zan sa shi a manhajar waya ta KoboCollect don ya yi aiki ba rezo. Samfurin ciyawa za mu zuba a leda mu kawo Maradi a busar a nan gaba ɗaya.

Malam Issoufou: Leda kuma? Ɗanyar ciyawa a leda cikin mota daga Bermo zuwa Maradi, kafin ka iso ta yi gumi ta fara ruɓa, nauyin da za ka samu ba nata ba ne. Buhun takarda ko na atamfa, a rubuta lambar wuri da fensir a ciki da waje, a buɗe bakinsu kowane dare su sha iska. Kuma tawaga biyu za ka yi, ɗaya ta faro daga arewa, don can ciyawa ke riga bushewa. Tawaga ɗaya ba ta gama wuri talatin da biyar kafin ciyawa ta bushe.

Ardo Bello: Ku sa sikeli biyu cikin kowace mota. Guda na faɗuwa cikin rairayi.